Wace Manhajar Rubutu Za Ka Bari a Wayarka? Awo Daga Aboabo

Makon da 'yar yayata ta samu gurbin karatu a jami'ar KNUST, ta zo gida nan unguwar Aboabo da ke Kumasi a Ghana bayan sallar Magariba, ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini wayarta. Manhajojin rubutu shida ta sauke a kai. Kowacce da wanda ya ce mata ita ce ta fi, wata ƙawa ce, wata kuma bidiyo ta gani. Wayar har ta fara kukan cikewa.

"Kawu, wacce zan bari, wacce zan goge?"

Na ce mata, "Kafin mu kai nan, gaya mini, ranar da babu intanet, wacce a cikinsu za ta buɗe miki abin da kika rubuta?" Ta yi shiru. Ba laifinta ba ne. Masu yabon waɗannan manhajoji ba sa fara magana daga nan, domin yawancinsu suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba a sayenta sidi biyar-biyar.

Ni na koyi wannan tambaya ne ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi. Ranar ce igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana ta wayi gari sabis yana rarrafe. Ni ne sakataren wata ƙungiyar unguwa da ke raba kayan buɗa-baki, kuma jerin gidajen da za a kai wa shinkafa da sukari yana cikin wata manhaja da a lokacin ba ta nuna komai sai da intanet. Na zauna a benci a ƙofar masallaci, buhuna a jibge, yara masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, suna jira, ni kuma ina kallon wani ɗan zobe yana ta juyawa a fuskar waya. Abin da ya fisshe mu shi ne littafin ma'ajinmu mai shuɗin bango, wanda dattijon ya kwafe sunayen a ciki da biro ba tare da kowa ya sa shi ba. Gidaje biyu da aka ƙara daga baya ba sa cikin littafin, sai washegari muka kai musu. Har yau abin yana mini ciwo, domin ɗaya gidan marayu ne.

Tun daga nan nake auna kowace manhaja da halin da muke ciki. Tana buɗewa babu sabis? Idan na nemi abin da na rubuta bara zan same shi kafin mai tambaya ya gaji? Idan wayar ta zame a motar haya ta trotro tsakanin kasuwar Kejetia da unguwar Asawase, rubutun ya tafi da ita ke nan? Sannan in wata rana kamfanin ya sauya ra'ayi, zan iya kwashe kayana in fita?

Mu fara da wadda kowa ke amfani da ita ko da bai kira ta manhajar rubutu ba, wato WhatsApp. Tun ƙarshen 2022 mutum na iya tura wa kansa saƙo, kafin nan ma mutane kan buɗe guruf su kaɗai a ciki. Wajen sauri babu mai kama ƙafarta, domin yatsa ya riga ya san hanya. Yayata, mahaifiyar yarinyar, tana sayar da atamfa a Kejetia, kuma duk farashin da dillali ya faɗa mata nan take jefa shi, da murya ko da hoto. Matsalar tana zuwa bayan wata uku. Saƙonni suna jere ne bisa lokaci kawai, babu take, babu rukuni. Saƙon murya na Hausa sai ka saurara kafin ka san abin da ke ciki. Bayan minti 15 da tura saƙo ba ka iya gyara shi, ke nan lissafin da ke sauyawa kullum, kamar bashi, bai dace da nan ba. Kuma saƙonnin a cikin wayar suke. Idan ba ka kunna ajiya a Google Drive ba, ranar da wayar ta tafi sun tafi. Telegram ta fi ta a wannan gefe, domin abin da ka adana wa kanka yana rumbunsu ne, kana shiga da sabuwar waya za ka tarar da shi, tana kuma ɗaukar fayil har na GB 2. Amma ita ma doguwar igiya ce guda, ka ɗaura wannan ka ɗaura wancan. Dukansu biyun aljihun riga ne. Ana jefa takarda a aljihu a kan hanya, ba a barinta ta kwana wata a can.

Google Keep ita ce wadda nake fara nuna wa kusan kowa, kuma ita na fi daɗewa a kai. Ta fito a 2013, kyauta ce, ba ta da nauyi, tana tafiya lafiya ko a kan ƙaramar Itel ko Tecno. Kana rubutu babu data, in sabis ya dawo ta tura da kanta. Kowane rubutu kamar ɗan kati ne da za ka ba shi launi, ka manna shi a sama, ko ka mai da shi jerin da ake yi wa alama idan an gama. Akwai abu biyu da mutane ba su cika sani ba. Na farko, idan ka ɗauki hoton takardar da aka buga, ko rasit, tana iya ciro rubutun da ke ciki ya zama wanda za ka gyara ka kuma bincika. Na biyu, kana iya sa wani a cikin kati guda da imel ɗinsa, ku biyu kuna gani kuna gyarawa. Yayata da yarinyar shagonta kati ɗaya suke amfani da shi na kayan da suka ƙare, wadda ta ga an sayar da turmi na ƙarshe sai ta rubuta.

Iyakarta kuwa a fili take. Babu folda, sai lakabi. Kati guda ba ya wuce haruffa wajen dubu ashirin. Ba ka iya maƙala mata PDF, wanda shi ne abincin ɗalibin jami'a. Abin da ka goge kwana bakwai kawai yake yi a kwandon shara. Kuma idan katunan suka haura ɗari biyu babu tsari, fuskar manhajar kan koma kamar teburin mai gwanjo. Don ɗan kasuwa, direba, mai ɗinki da ke rubuta awon mutane, ko uwar adashe, Keep ta isa ta yi yawa. Don karatun shekara huɗu ba ta isa ba.

OneNote ta Microsoft ita ce dattijuwa a cikinsu, tun 2003 take. Tsarinta irin wanda duk wanda ya yi makaranta ya sani ne: littafi, a cikinsa sassa, a cikin kowane sashe shafuka. Ɗalibi zai buɗe littafi ɗaya na zangon karatu, kowane kwas da sashensa, kowace lacca da shafinta. A shafi guda za ka buga rubutu, ka zana, ka manna hoton allo, ka sa muryar da ka ɗauka. A kwamfuta kana iya shimfiɗa PDF ɗin malami a shafin ka yi rubutu a gefensa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da ɗalibi zai zaɓe ta. Littafin da ka riga ka buɗe yana nan ko babu intanet. Kana iya kulle sashe da kalmar sirri. Kyauta ce, sai dai tana zaune ne a kan OneDrive, inda ake ba da GB 5, kuma hotuna da murya suna cinye wannan da wuri. Ƙarfinta na gaske a kwamfuta yake. Ta waya ƙanwa ce, tana da nauyi a kan ƙaramar waya, shafin da aka tsara da faɗi a kwamfuta kuma sai ka yi ta ja dama da hagu kafin ka karanta. Fita daga cikinta ma akwai aiki, domin tana ajiya ne da nata salon fayil. Wanda ba shi da laftof, kuma ba ya sa ran samu, ba zan tura shi can ba.

Notion ita ce wadda matasa suka fi yi wa kirari yanzu, kuma na san dalili. Tana da kyan gani. Kana iya gina tebur na membobin ƙungiya, da kuɗin wata-wata, da wanda ya biya da wanda bai biya ba, ka tace shi yadda kake so, mutane da yawa kuma su yi aiki a wuri ɗaya. Ga ƙaramin kamfani ko masu aikin kammala digiri su huɗu, babu shakka tana da amfani. Amma an gina ta ne a kan zaton cewa intanet na nan kullum. Sai a 2025 ta samu damar aiki babu sabis, kuma a tsarin kyauta sai ka zaɓi shafukan da kake so ka sauke su tun da wuri. Fayil ɗin da za ka ɗora a kyauta ba ya wuce MB 5. Abin da ya fi damuna da ita wani abu ne daban. Na ga yara sun kwashe mako suna ƙawata shafi, suna zaɓen hoto da launi, ba su rubuta layi goma na karatu ba. Gini ya yi kyau, ɗakin babu kowa.

Evernote zan ambace ta ne saboda darasin da ke cikin labarinta. Shekaru da dama ita ce sarauniyar wannan fage. A farkon 2023 kamfanin Bending Spoons na Italiya ya kammala sayenta, a Disambar wannan shekara kuma aka taƙaita tsarin kyauta zuwa rubutu 50 da littafi ɗaya. Haƙƙinsu ne, kayansu ne. Amma wanda ya tara rubutu dubu a ciki ya wayi gari da zaɓi biyu, ya biya ko ya kwashe. Mai samun kuɗinsa da sidi ya san abin da biyan dala kowane wata yake nufi. Ɗan haya ba ya hana mai gida ƙara kuɗi, abin da zai iya shi ne ya san ta inda zai fitar da kayansa.

Wannan ne ya kai ni ga Obsidian da Joplin, waɗanda su ne nake ajiye abin da nake son ya daɗe. Obsidian ta fito a 2020. Ba ta neman ka buɗe asusu. Duk abin da ka rubuta ɗan fayil ne na rubutu zalla, irin wanda ake kira Markdown, yana zaune a folda cikin na'urarka, kowace kwamfuta za ta iya buɗe shi ko da manhajar ta daina wanzuwa. Kana iya ɗaure rubutu da rubutu, ka sa sunan wani shafi a cikin wani, ka latsa ya kai ka. Wani malamin makarantar Islamiyya a unguwar Sawaba da na saita masa ita yana da shafi ga kowane babi na fiƙihu, kuma duk tambayar da aka yi masa a majalisi yana ɗaure ta da babinta. Bayan shekara guda, idan aka zo maganar zakkar kasuwanci, yana buɗe shafi ɗaya ya ga tambayoyin da 'yan kasuwa suka taɓa yi masa, da amsar da ya bayar, da inda ya samo ta. Sai dai 'yancin yana da kuɗinsa. Tunda kayan a hannunka suke, tsaronsu ma a wuyanka yake. Hidimar da kamfanin ke yi ta daidaita waya da kwamfuta ta biya ce, in ba ka biya ba kuma ba ka kwafi foldar zuwa wani wuri ba, ɓatan waya ɓatan komai ne. Joplin, wadda ta fito a 2017, ta sauƙaƙa wannan. Kyauta ce, tsarinta a buɗe yake ga kowa, tana daidaita rubutu ta Dropbox ko OneDrive ba tare da ƙarin kuɗi ba, tana iya kulle shi yadda ko masu rumbun ba za su karanta ba, tana kuma karɓar kayan da aka kwaso daga Evernote. Ba ta da ado, saitinta na farko kuma yana son wanda ya ɗan san kan abin ya zauna kusa da kai.

Akwai wata matsala tamu ta kanmu da babu bidiyon da zai gaya maka. Mu nan zango rubutu ɗaya kan ɗauki harshe uku ko huɗu: Hausa, Turanci, Twi, ga aya ko hadisi da Larabci. Bincike a manhaja harafi yake bi, ba ma'ana ba. Idan yau ka rubuta "kuɗi" da ɗ mai lanƙwasa, gobe ka rubuta "kudi", jibi "kudii" yadda wasu ke yi a saƙo, to ranar nema ba lallai su fito tare ba. Na taɓa neman wani bayani a kan "ƙungiya" na rasa, ashe ranar da na rubuta da gaggawa "kungiya" na sa. Maganin shi ne ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Gboard, manhajar buga rubutu ta Google a waya, yana da allon Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ, ka ƙara shi a saiti. In ka san ba za ka jure ba, to ka bar lanƙwasar a take da lakabi gaba ɗaya, ka yi ta a cikin jikin rubutu. Haka sunayen mutane. A unguwa ɗaya akwai Hajiya goma, saboda haka "Hajiya, turmi biyu" ba lissafi ba ne. Ka sa laƙabin da aka san ta da shi, da unguwarta, kuma kullum iri ɗaya. Larabci kuwa, da yake daga dama yake farawa, ka ba shi layinsa shi kaɗai. Idan ka cusa shi tsakiyar jimlar Hausa, alamomin rubutu kan yi tsalle su koma inda ba ka sa su ba. Mai rubuta ajami ya gwada sakin layi guda a manhajar kafin ya zuba mata aikin wata.

Manhaja dai rabin zance ce, sauran rabin yadda kake rubutun ne. Ga ɗalibi, hanyar da Walter Pauk ya tsara a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950 har yanzu tana aiki. Ka raba shafi, gefe mai faɗi na abin da malami ya faɗa, siririn gefe na tambayoyin da za ka yi wa kanka, ƙasa kuma layi biyu ko uku na taƙaitawa da bakinka. Lokacin bita sai ka rufe gefe mai faɗin ka amsa tambayoyin da ka. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan, tilawa ce, a rufe a kawo. A OneNote tebur mai gida biyu ya wadatar. Masu Obsidian kuma suna yawan ambaton Niklas Luhmann, masanin zamantakewa ɗan Jamus da ya bar katuna kusan 90,000 masu nuni da juna. Abin ɗauka a wurinsa ƙarami ne: tunani ɗaya a kati ɗaya, da kalmominka, tare da nuna wane kati ne ɗan'uwansa. Ɗaukar hoton allo kawai a tara, ba rubutu ba ne. Na ga wayoyi masu hoton allo ɗari huɗu da masu su ba su sake buɗe ko ɗaya ba.

Ni abin da nake yi ba shi da suna. Duk abin da ya taso a hanya Keep nake jefa shi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zauna minti ashirin in tace. Wanda aikinsa ya ƙare in goge, wanda zai daɗe in mai da shi Obsidian da take mai farawa da shekara, wata da rana, kamar "2025-02-07 taron kwamiti", domin su jeru da kansu. Ƙarshen wata in kwafi foldar a filas in kuma tura ta Drive. Jerin rabon azumi kuwa yanzu ana buga shi a takarda kwafi biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin ma'aji. Lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da ta banki ba sa shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, domin waya takan zaga hannun yara da abokai a buɗe.

Yayata na bar ta da Keep da littafin bashinta na takarda, wanda mai karɓar kaya ke gani da idonsa ana rubutawa, kuma wannan shaida ce da waya ba ta maye gurbinta a kasuwa ba tukuna. Sakataren ƙungiya da ke rubuta bayanin taro, Google Docs ma ya ishe shi, in dai ya kunna damar buɗewa babu intanet. Notion sai in su da yawa ne kuma akwai tebur na gaske da za su riƙe. Malami ko mai bincike da ke gina ilimin shekaru, Obsidian in yana da mai taimaka masa da ajiya, Joplin in yana son abin ya riƙa tafiya da kansa.

'Yar yayata tana da tsohuwar laftof da babanta ya ba ta, don haka muka bar mata OneNote don lacca, Keep don abin da ya taso a hanya, muka goge huɗu. Sannan na tambaye ta kalmar sirrin imel ɗinta. Ta ce, "Kawu, ai mai shagon da ya saita mini wayar ne ya buɗe." Nan muka fi daɗewa a daren. Duk rubutun da ke Keep a bayan wannan asusun yake, wanda ya rasa shi ya rasa su, Google kuma tun Disambar 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Muka sauya kalmar sirrin, muka sa lambar mahaifiyarta a matsayin ta dawo da asusu, ta rubuta sabuwar kalmar a takarda ta ce za ta sa a akwatin da takardun makarantarta suke.

Daga nan na ce ta kashe data, ta buɗe OneNote ta rubuta sunayen kwasa-kwasanta, ta rufe, ta sake buɗewa. Suna nan. Ta kunna data, muka ɗaga laftof ɗin, muka jira kamar minti ɗaya, sai ga su sun bayyana a can ma. Tana cikin raba sassan, kowane kwas da launinsa, aka kira Isha'i.